Hannun Baba Fenya

Winlaw, 9 ga Yuni

Maigidana Elmer,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka da sauƙi. Yaya maƙogwaron? Yaya gajiyar gashin da suke yi maka da na'ura a asibiti? Ka gaishe min da 'yarmu Tannis da mijinta. Ka ce mata na san tana ƙoƙari, amma ta daina aiko min da hoton kwanon abincinka a cike. Ranar da ka share shi tas, ta aiko.

Tunda likitocin Vancouver sun hana ka magana, kai kuma ka rantse ba za ka koyi latsa waya ba, to ga biro ga takarda, kamar zamanin da kake neman aurena. Bambancin kawai shi ne a lokacin ina jin kunyarka.

Har yanzu ina fushi da kai, gara ka sani. Mutum zai tafi jinyar ciwon daji ta wata huɗu, mota na jira a ƙofar gida, ya ciro takarda ya rubuta wa matarsa ta shekara talatin da huɗu magana ɗaya. Na ɗauka za ka ce in kula da kaina. Da na buɗe sai na ga: "Kar ki bari Doris ta mutu." Tabar wiwi, Elmer. Gindin wiwi guda da ka sa wa sunan malamarka ta firamare.

Na sani, kar ka ɗaga gira. Na san shekara talatin da ɗaya kana yankar reshenta kana dasawa, cewa ba ta da iri a ko'ina a duniya, in ta tafi ta tafi ke nan. Na san ita kaɗai ce man da kake dafawa da furenta yake buɗe maka ciki ba tare da ya juya maka kai ba, kuma in ka dawo da kaka za ka buƙace ta fiye da kowace shekara. Na yi alkawari, zan cika. Amma littafin da ka bar min ba ya karantuwa. Shekara ashirin da shida na yi a laburare, na karanta wasiƙun masu haƙar azurfa da suka mutu kafin a haifi kakata, ban taɓa ganin rubutu irin naka ba. Kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda.

Yanzu ga labarin da ya sa na zauna rubutu. Shekaranjiya da hantsi ina shanya sai na hangi mutum a tsakiyar gindin nan huɗu da doka ta yarda mana. Baba Fenya ce, ƙawar marigayiya mahaifiyarka, da ɗankwalinta da takalmin robar nan da ya girme ni. Kafin in iso ta riga ta tsinke kan guda uku da farcenta, tana kan Doris. Na kwasa da gudu, zanen gado a kafaɗa.

Na ce, "Baba, me kike yi haka? Kashe su za ki yi?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Sannu da gudu, Malama. Mijinki ya mayar da su 'yan gata. Kai ɗaya, wuya zalalau kamar ɗan birni. In an bar su haka, a Agusta duk wanda ya bi titi zai gan su, abin da doka ta hana, ɗan sanda ya zo ya sha shayi a gidanki. Riƙe min nan."

Na riƙe. Ban san dalili ba. Ta tsinke kan Doris ta miƙo min a tafin hannu, ta ce in sa a miya in ina jin tausayinsa.

Ban yi mata magana ba har ta tafi. In ka ga dama ka rubuto ka ce in hana ta shigowa.

Taka, mai fushi da kai,
Noreen

Winlaw, 2 ga Yuli

Elmer,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya barci? Tannis ta ce ka sha rabin kofin kunu ranar Lahadi. Na gode, saura rabin.

Amsarka ta iso. Layi biyu, ɗaya ban iya karanta shi ba, ɗayan kuma ya ce in bar ta ta yi. Ai da ma ko ka ce in hana ta, wa ya isa? Matar da ta taɓa zama a gaban motar rusau ta gwamnati da kwandon wake a cinya tana ɓarewa.

Dole in faɗa maka gaskiya ko da ba ta yi min daɗi ba. Inda ta tsinke kai ɗaya, biyu sun fito. Ta dawo ta tsinke su, yanzu huɗu ne. Na je na kwaso littattafai bakwai a kan noman wannan abu, na karanta su kamar mai shirin jarrabawa, don in kama ta da kuskure. Abin da samarin nan suka cika shafi arba'in da zane-zane suna bayani, ita da yatsa biyu take yinsa, tana ba ni labarin yadda surukarta ba ta iya miyar kabeji ba.

Ina so ka ga hannunta a kan reshe, Elmer. Yatsun duk sun kumbura da sanyin ƙashi, ko maɓallin riga ba ta iya sawa da kyau. Amma sai ta kama reshe tsakanin babban yatsa da manuni, ta murza shi a hankali, tana saurare kamar mai taɓa goshin jariri. Ciki ya yi laushi, fatar waje ba ta tsage ba. Sai ta kwantar da shi gefe, ta ɗaure da tsumman tsohuwar safa a jikin turke. Ranar farko reshen yana kwance kamar ya mutu, na kasa kallonsa. Kwana uku ya ɗago kai yana neman rana. Yau wurin karayar ya yi ƙulli kamar gwiwa, ya fi ko'ina kauri.

Na tambaye ta a ina ta koya. Ta ce a jikin tumatir da itacen tuffa, wajen kakarta. Wiwi kuma sai daga baya, zamanin da jirgin 'yan sanda ke shawagi a kan kwarin nan, marigayi mijinta yana fama da ciwon baya, dole ta koya wa nata tafiya a kwance a ƙarƙashin masara. Ta ce, "Don ɓuya na fara. Da kaka ta yi na ga fure ya ninka, ya yi danƙo har almakashi na liƙewa, sai na ce to, ashe tsoro ma yana da riba."

Na ce ta bar ni in gwada. Reshen farko na ɓalle shi gaba ɗaya, ya faɗi ƙasa. Ba a jikin Doris ba, kwantar da hankalinka. Baba ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Wannan a wane shafi yake?"

Ranar Talata Marlene ta zo, matar nan mai koyar da miƙe jiki a zauren gari, da tulun zuma da fuskar ta'aziyya. Ta ga rassan a ɗaure, na yi mata bayani, sai ta dafa ƙirji ta ce ai haka ɗan Adam yake, wahala ce ke fito da ƙarfinsa, wannan ciwo naka wata baiwa ce. Ka san ni. Na buɗe baki zan wanke ta tas, da kalmomin da na tara tun watan Afrilu. Baba Fenya ta riga ni, tana durƙushe tana ɗaure tsumma.

Ta ce, "'Yar nan, ni ban taɓa karya reshe marar lafiya ba. Mai lafiya nake karyawa, wanda ya ƙoshi, kuma in na taɓa shi yau sai ya huta mako guda. Marar lafiya ruwa ake ba shi a yi shiru. Ajiye zumar a kan dakali."

Marlene ta ajiye ta tafi. Na karanta masana da yawa a kan wahala, wasu da harsuna biyu, babu wanda ya ƙosar da ni kamar wannan. Zumar tana da kyau, zan aiko maka.

Taka,
Noreen

Winlaw, 16 ga Agusta

Elmer nawa,

Ina gaisuwa. Yaya ƙarfin jiki? Na ji sun gama gashin, saura jiran ƙunar ta lafa. Tannis ta faɗa min maganar robar abinci da suke son sa maka a ciki in ka ƙara ramewa. Ba zan ce komai ba, don abin da zan ce bai dace da takarda ba.

Hayaƙin gobarar daji ya rufe kwarin nan kwana tara, dutsen da ke gabanmu ma ba a gani. Shuke-shukenka ba su damu ba. Ba su kai ƙuguna ba a tsayi, amma kowace ta baje kamar teburin biki, kawuna fiye da ashirin a jere, duk tsayi ɗaya. Daga titi ba a ganin komai sai wake. Doris ta fara fitar da farin gashi a kowane kai.

Baba ta hana ni ba su ruwa kullum. Sai ganye ya fara sunkuyar da kai, ta tura yatsa cikin ƙasa, ta ɗaga ganye ɗaya ta sake shi, sannan ta ce yau ko gobe. Na tambaye ta kwana nawa ne ƙa'ida, in rubuta. Ta ce in tambayi Doris.

Akwai abin da ban so faɗa ba. A farkon wata na yanki rassa shida na Doris don dashen baɗi, yadda kake yi. Baba ta ce in kawo ta riƙe min, na ce a'a, wannan kam na karanta shi sarai. Na sa su a tagar kicin, na lulluɓe, na yi ta fesa musu ruwa safe da yamma kamar masu zazzaɓi. Duk shida sun ruɓe. Baba ta shinshina tukunyar ta ce na kashe su da kirki. Zan sake yanka, sai dai ta ce tunda fure ya fara, da wuya su kama. Ina neman dabara. Kai dai ka ci abinci.

Taka,
Noreen

Winlaw, 4 ga Satumba

Elmer,

Gaisuwa, da fatan ka tashi lafiya. Ka zauna kafin ka karanta wannan, kuma ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke min hukunci.

Na sare Doris jiya da safe. Da hannuna.

Ranar Litinin Baba ta zo duba su kamar kullum. Ta wuce ukun farko, ta tsaya a kan Doris, ta daɗe. Sai ta kira ni da sunana, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta buɗa wani fure da farce ta nuna min wasu 'yan ƙananan abubuwa rawaya, kamar ayaba ta 'yar tsana. Na gane su daga littafi. Doris ta fitar da furen namiji. In suka fashe, garinsu zai bi iska, duk macen da ya sauka a kanta ta daina danƙo ta koma yin 'ya'ya. Namu uku, da huɗun Baba da take dafa wa gwiwoyinta da na tsofaffin da suke taron addu'a tare magani da su, da na duk wanda ke ƙasa da mu a kwarin.

Ka san abin da na yi? Na juya kanta. Littattafaina bakwai duk sun ce wahala in ta yi yawa ita ke jawo haka. Na ce mata ita ce, da karye-karyenta da ƙishirwarta. Na ce shekara talatin da ɗaya kana lallaɓa wannan shuka ba ta taɓa yin haka ba, sai da ta sa mata hannu. Na ce ta ɗauki abin mutum marar lafiya ta yi wasa da shi don a ce ta iya. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan maimaita ba. Mace mai shekara tamanin da uku, a tsaye a cikin lambuna, ta bar ni na gama.

Sannan ta ce, "Kin gama? To zo."

Ta zagaya da ni. Ta nuna min ukun da ta fi karyawa, babu ko ɗaya a jikinsu. Ta dawo kan Doris, ɓangaren da ke kallon daji, tsaf. Ɓangaren da ke kallon gida kuwa, kowane reshe da su. Ta tsaya a nan, ta bi layin da ido har barandar baya, ta ɗaga sandarta ta nuna ƙwan fitilar da ke saman ƙofa.

Ta ce, "Mai fure duhu take so, cikakke, kowane dare. Elmer bai rubuta miki ba don bai taɓa tunanin za a kunna wannan ba. Tun yaushe take kwana a kunne?"

Tun daren da ka tafi, Elmer. Ban faɗa maka ba, ban faɗa wa Tannis ba. Ni da nake yi wa mata dariya in sun ce suna tsoron kwana su kaɗai. Ba tsoron ɓarawo ba ne ko dabba. In na kashe ta, gidan yana yin irin shirun da nake jin zai yi in ba ka dawo ba, ni kuma ban shirya jin sa ba. Na karanta maganar duhun nan a littafi uku cikin bakwai, har na ja layi a ƙarƙashinta, ban taɓa ɗaga kai na dubi ƙofata ba.

Na tsaya jiran ta rama, kuma ta cancanta. Sai ta ce, "Ni rediyo na bari, shekara biyu, bayan mijina Mike ya rasu. Sa'ata ɗaya, wiwi ba ta da kunne. Je ki kawo babbar leda da bokitin ruwa."

Na roƙe ta mu tsince su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce da goma ne da mun tsince, amma sun fi ɗari, kuma wanda ya ɓuya a cikin fure shi zai yi ɓarnar. Ta ce shukar mijina ce, ba za ta sare ba, kuma ba za ta ce in sare ba. Ta ce nata huɗun ma in sun lalace ba za ta kai ƙarata ko'ina ba. Ta tafi gida ta bar ni da zarto a kan dakali.

Kwana ɗaya na yi ina zagaya shukar nan. Na yi tunanin kai da kwanonka. Na yi tunanin tsofaffin nan da gwiwoyinsu, waɗanda ba su kunna fitilar kowa ba. Jiya da sassafe, kafin iska ta tashi, na je na ƙwanƙwasa mata. Ta riga ta sa takalmi.

Kafin in sa zarto ta durƙusa a ɓangaren daji, ta zaɓi ƙananan rassa tara daga can ƙasa, ta yanke da reza, ta jefa a kwalbar ruwa. Ta ce kar in sa rai, reshen da ya fara fure ya manta yadda ake saiwa. Sannan muka jiƙa Doris sharkaf don kada garin ya tashi, muka rufa mata leda, na sare. Gindin ya kai kaurin hannunka na da. Furen bai nuna ba, ba zai yi maka magani ba. Sauran ukun za su yi, ko da ba irin wanda ka saba ba.

Na ba ta haƙuri a bakin shinge. Ta ce ta ji, amma in rage tsawonsa, tana da wake a wuta.

Abu ɗaya ka roƙe ni. Ka rubuto duk abin da ka ga dama, zan karanta, ko zai ɗauke ni mako.

Matarka,
Noreen

Winlaw, 11 ga Oktoba

Elmer, maigidana,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya murya? Tannis ta ce ka kira sunanta ranar Juma'a, ta fita waje ta yi kuka. Ta ce kuma ma'auni ya tsaya, bai hau ba amma bai sauka ba, an ɗage maganar robar. Ina murna, ko da yake ba zan nuna maka ba.

Wasiƙarka tana aljihuna. Na yi kwana biyu kafin in gane kalma ta ƙarshe. Ban yarda da kai ba cewa ba komai, domin da komai, kuma na san ka. Amma na karɓa.

Mun girbe ukun ranar Asabar, kwana biyu kafin ƙanƙara ta sauka. Ba ƙwayar iri ko ɗaya, a namu ko a nata. Baba ta zo da tsofaffi biyu, muka zauna a rumfa da almakashi tun hantsi har la'asar, suna gulmar mutanen da suka mutu tun kafin in zo garin nan. Rumfar ta cika har rufi. Ban taɓa ganin ka samu rabin haka ba, kuma ka yi haƙuri da jin wannan.

Yanzu maganar tara ɗin. Takwas sun mutu, ɗaya bayan ɗaya, a tagar Baba. Ba ta bari na taɓa su ba, ko kusa ba ta bari in tsaya. Na daina tambaya tun ƙarshen Satumba. Jiya ta aiko a kira ni. Na tarar da ita a kicin, da wani ɗan kofi a gabanta. Abin da ke ciki bai kai tsawon yatsana ba, ya yi rawaya, ya fitar da wani murɗaɗɗen ganye guda mai kama da na albasa, ko kama da wiwi bai yi ba. Na ce wannan ai ya mutu. Ta ce in rufe baki in buɗe ido. Ta kifa kofin a tafin hannunta, ƙasar ta fito a dunƙule, sai ga fararen zare guda uku sun zagaye ta.

Na zauna a kujerarta. Na ce to in ɗauke ta in kai gida, in gyara mata ɗakin ajiya yadda kake yi. Ta mayar da ita kofi, ta ɗora a taga, ta tsaya tsakanina da ita.

Ta ce, "Ke? A'a. Mai ita zan ba. Kuma ba a mota ba, ba ta hannun 'yarsa ba. Ki rubuta masa ki ce ya hawo tudun nan da ƙafarsa, ya zauna a nan ya cinye kwano guda na miyata ina kallo, sannan ya ɗauki abarsa. In bai iya ba a Nuwamba, ina nan a Disamba. Ba ni da inda zan je."

Na auna maka hanyar da na dawo. Taku ɗari huɗu da sittin ne daga ƙofarmu zuwa tata, ɗari na ƙarshe hawa ne. Kwanon kuma na gan shi, babba ne.

Zan zo ɗaukarka ranar ashirin da uku. Ka fara atisaye.

Taka har kullum,
Noreen